Yaya Mai Jiki?

Duk wanda ya ji an ce Raliya masaniyar taurari ce, sai ya ɗauka a kan soro take kwana, ido a sama, sauro na shagali da ƙafafunta. Ko kusa. A duk unguwar Talladje ta birnin Yamai da wuya a samu wanda ya riga ta barci, kuma abin da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa ba ta taɓa ganinsa da idonta ba, ba kuwa za ta gan shi ba har abada. Aikinta na safe ne, a kan teburin cin abinci, da kwamfuta da kofin shayi, kafin ta haye gada zuwa jami'a inda take koyar da kimiyyar fizik.

Ga yadda abin yake. Can nesa, bayan duk taurarin da ido ke kaiwa, akwai wasu garkunan taurari, kowane garke da wani baƙin rami a tsakiyarsa. Ramin kansa ba ya haske. Amma idan yana haɗiyar iska da ƙurar da ke kewaye da shi, abin da ke gangarawa cikinsa yakan yi zafin da ya wuce misali, har ya riƙa fitar da hasken eks, irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, wanda mutanen Yamai ke ce wa radiyo. Iskar duniya ba ta barin wannan haske ya sauko ƙasa, don haka taurarin ɗan'adam ne ke tare shi a sama, su ƙirga shi, su aiko wa masana da lambobi. Lambobin nan su ne tuwon Raliya da miyarta.

Nata garken yana da suna, amma suna ne na haruffa da lambobi kamar lambar mota, ba wanda zai iya kiransa ba tare da ya ciji harshe ba. Ramin da ke tsakiyarsa ya daɗe yana ci yana haske, sai da Raliya ta yi nisa da karatunta na dokta a kansa, sannan ya ga dama ya yi shiru. Hasken ya dushe har ya kusa ɓacewa. Malamanta na ƙasar waje suka ce ta sauya wani, ai ramuka ba su ƙare a sama ba. Ta ƙi. Ta ce ba a cika samun wanda ya ga irin wannan rami yana sake kama ci tun daga farko ba, kuma ita za ta jira ta gani. Raliya akwai taurin kai, wannan ko masoyanta ba sa musu.

Babban masoyin nata kuwa shi ne mijinta, Ismaël. Sunansa na yanka Sama'ila, lakwal ce, wato makarantar boko, ta mayar da shi Ismaël tun yana yaro a Madawa, sunan ya kuma bi shi har Yamai. Mai ɗaukar radiyo ne a wani asibiti a unguwar Plato, kuma a can suka haɗu, ranar da ta faɗo daga kan kabu-kabu kusa da kasuwar Lazaret ta karya tsintsiyar hannu. Yana gyara mata hannun a kan allo yana lallashinta, wai kada ta ji tsoro, haske ne kawai, ba ya ciwo. Ita kuwa, hawaye shaɓe-shaɓe, ta hau yi masa bayanin inda ake samun irin wannan haske a sararin sama.

"Madam," in ji shi, "ki daina motsi tukuna. In na gama sai ki ci gaba da darasin."

Ta kuwa ci gaba da darasin, har aka ɗaura aure.

Tun makon farko ya ce shi ba zai iya da sunan lambar motar nan ba. Da ta gaya masa ramin ya daina ci, ya dushe, kullum tana dubawa ko ya motsa, sai ya tafa hannu ya ce ai wannan jinya ce, su a asibiti sun san ta. Daga ranar garken ya zama mace, ya kuma zama mai jiki. Kowace safiya, in ya dawo masallaci ya dafa shayi, sai ya ajiye mata kofinta kusa da kwamfuta, ya leƙo ta bayan kafaɗarta, ya rage murya kamar wanda ya shiga ɗakin marar lafiya.

"Doktar, yaya mai jiki?"

"Tana nan yadda take."

"Haba! Ina aka taɓa amsa gaisuwar marar lafiya haka? Ko mutum na shure-shuren mutuwa, da sauƙi ake cewa."

"Ni ba na faɗin abin da ban auna ba."

Haka suke yi, kullum, kamar sun haddace. Wata rana sai ya zo da sabuwar hujja. Ya ce ba ita ta gaya masa hasken nan sai ya yi miliyoyin shekaru a hanya kafin ya iso ba? To ai ke nan mai jiki ta daɗe da warkewa, labarin ne ya maƙale a hanya kamar kamiyon kaya a kan iyakar Gaya. Raliya ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta, amma ba ta ce da sauƙi ba. Shi kuma ya yi alkawari, duk ranar da mai jiki ta tashi, zai sa a toya masa, wato waina, ya raba wa unguwa sadaka, ya bi gida gida yana karɓar barka, kowa ya ce ya haukace bai damu ba.

Akwai ƙaramin tauraron ɗan'adam da ke leƙa garken duk mako, ya ƙirga hasken sama-sama ya wuce. Shi ke ba Raliya lambobinta na safe. Akwai kuma babba, mai kaifin ido, wanda masanan duniya ke rububin samun lokacinsa. Raliya ta sha nema ana hana ta, sai bara kwamitin da ke raba lokacin ya amince, amma da sharaɗi. Sau ɗaya tak za a juya mata babban, ita kaɗai ke da ikon kiran a juya shi, kuma sai hasken ya haye wani jan layi da ta zana da kanta. Damar ta shekara guda ce. In ta wuce ba a yi kira ba, sai a koma bayan layi, kuma Allah kaɗai ya san ranar da za a sake waiwayar wata malama daga Yamai. Ranar da amsar ta zo, Ismaël ya yi ta rawa a tsakar gida da ludayi a hannu, har maƙwabta suka leƙo.

Bai ga ƙarshen shekarar ba. Wata Alhamis da la'asar, yana dawowa daga aiki a kan moto, wato babur, wata mota ta kwashe shi a kan hanyar filin jirgi. Kafin Raliya ta iso asibiti an riga an rufe masa fuska. Da safen ranar ya yi tambayarsa, ta ba shi amsarta, ya ja mata kunne ya fita. Ita ce maganarsu ta ƙarshe.

Gida ya cika ya batse. Zabarmawan unguwa na shigowa suna fonda tilas, Hausawa na yaya haƙuri, ita kuwa tana zaune a kan tabarma cikin tufafin takaba, ba kwalli ba turare, bakinta na amsawa da kansa. Matar da ba ta faɗin abin da ba ta auna ba, ga ta tana cewa da godiya daga safe har magariba. Kwamfutar kuwa tun daren farko ta naɗe ta cikin zane ta tura ƙasan akwatin kaya. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, mutane suka watse kamar yadda suka saba, aka bar ta da gidan da kuma Inna.

Inna Aisa ita ce mahaifiyar Ismaël. Ta zo daga Madawa ranar jana'iza, ta ce ba za ta koma ba sai surukarta ta fita takaba. Doguwar tsohuwa ce, busasshiya, mai ƙarancin magana, irin mutanen da. Ismaël ɗanta ne na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. In ta buga waya, Raliya take kira, ta tambayi lafiyar kowa har ta kajin gida, sannan can a ƙarshe, kamar abin da ta tuna da shi a makare, ta ce, "Mutanen gidan fa, suna lahiya?" Mutanen gidan mutum ɗaya ne, kuma yana nan zaune yana kasa kunne yana murmushi.

Ko da ya rasu Inna ba ta sauya ba. Ba wanda ya ga hawayenta. Tana jan carbi, tana shara, tana dama kunu, in an yi mata gaisuwa ta ce Allah ya fi mu son shi. Wannan abu ya tsaya wa Raliya a rai. Ta san al'ada ce, ta san ba rashin so ba ne, amma sani daban, zuciya daban. Tana so ta samu ko mutum ɗaya da za su zauna su ambaci sunansa, su tuna yadda yake cika sukari a shayi, su yi kuka su share. Ga su biyu a gida ɗaya, ba wanda ya kai su rashinsa, amma kowace na ɓoye wa ɗaya nata.

Lokacin safiya ne ya fi yi wa Raliya wuya. Da an sallame asuba sai kunnenta ya koma ƙofar gida, yana jiran ƙarar sakata. Sau da yawa sai ta tarar ta ɗauko kofi biyu. Ta taɓa yi masa bayanin cewa ko da ramin ya dushe, hasken garken bai mutu gaba ɗaya ba, domin akwai wani zoben ƙura can nesa da ramin da ke ci gaba da mayar da tsohon hasken da ya same shi, shekara da shekaru bayan tushen ya yi shiru. A lokacin darasi ne kawai. Yanzu ita ce ke zaune a gidan da komai ke mayar mata da shi, takalmansa a bakin ƙofa, farar rigarsa ta aiki a jikin ƙusa. Kewarsa take yi, kewa mai nauyi wadda ke hana ta haɗiyar kunu, kuma abin da ta fi kewa ba wani babban abu ba ne, tambayar nan ce ta safe.

Ana cikin haka, wata ranar Laraba da yamma, bayan an ɗan yi yayyafi, Abdulhakim ya zo da matarsa Halimatou. Abokin aikinta ne a jami'a, shi ya karɓi azuzuwanta tun da ta shiga takaba. Halimatou ta shiga ciki ta zauna kusa da ita, shi kuwa ya zauna a kan kujera a baranda, ta bayan labule, kamar yadda ya dace. Inna na gefe a tsakar gida tana tsince wake. Aka yi gaisuwa aka sake, aka yi maganar damina da ruwan gulbi da ya fara cikowa. Abdulhakim mutum ne mai kawaici, sai da ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aron kuɗi sannan ya yi gyaran murya.

"Malama, ki gafarce ni, na san ba lokacinsa ba ne. Kin duba lambobinki kwanan nan?"

"Ban duba ba."

"Ni na duba. Ba sau ɗaya ba. Malama, hasken na hawa. Ina jin ya haye layinki."

Raliya ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a baya.

"Kin san ƙarshen watan nan rana za ta matso kusa da inda garken yake," in ji shi, "babban tauraron ba zai iya kallon wajen ba sai bayan watanni, kuma kafin nan damarki ta ƙare. Su ma can suna bukatar kwanaki su shirya. Da zan iya kiran da na yi, wallahi, amma ba za su karɓa daga kowa ba sai ke. Ba sai kin fita ba, daga nan ɗaki za ki aika."

"Na ji, Malam. Na gode. Allah ya bar zumunci."

Kowa ya san irin wannan godiyar, ita ce ake rufe ƙofa da ita. Halimatou ta ɗan matsa mata hannu, suka yi sallama suka tafi.

Kada wani ya ɗauka takaba ce ta hana ta. Raliya ta san addininta, ta san ba inda aka hana mai takaba taɓa aikinta a cikin ɗakinta. Abin da ya hana ta daban ne, kuma ta san shi sarai. Muddin mai jiki na kwance, to duniya na nan yadda Ismaël ya bar ta, kamar ya ɗan fita ne zai dawo ya tarar da komai a wurinsa. In ta buɗe kwamfutar ta ga ta tashi, shi ke nan, babban abu na farko ya faru ba da shi ba, sauran kuma za su biyo baya. Ga amsar da ya yi shekaru yana roƙo ta iso, ba mai tambaya. Ta gwammace ta rasa damar, ta rasa shekarun da ta zuba, da ta riƙe wannan amsa ita kaɗai a bakinta. Wauta ce, ta sani, amma ba ta da ƙarfin yin wayo.

Washegari Alhamis ta wuce ba wanda ya tayar da maganar. Inna ta yi shararta, ta aiki wata maƙwabciya kasuwa, ta yi ta 'yan kaye-kayenta a madafa. Raliya ta wuni kwance, fuska ga bango.

Ranar Juma'a da safe, bayan asuba, Inna ta shigo ɗakin da kofi a hannu. Ba kunu ba ne yau, shayi ne. Ta ajiye shi a kan teburin cin abinci, daidai inda ake ajiye shi, ta ja kujera ta zauna, ita da ba ta zama sai a tabarma.

"Ɗiyata, tashi ki ɗauko akwatin nan naki na aiki."

"Inna, ba na jin..."

"Ban tambaye ki mi kike ji ba. Ɗauko."

Ba a yi wa Inna musu. Raliya ta tashi ta buɗe akwatin kaya, ta warware zanen, ta ɗora kwamfutar a kan tebur. Ta danna, shiru. Batir ya mutu tuntuni. Ta jona waya a bango, nan ma shiru, ashe an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun kafin kiran salla. Wani sanyi ya ratsa ta, irin na ɗalibin da aka ce malam bai zo ba.

"Babu kuran, Inna."

"Sai mu jira shi. Ina za mu?"

Suka zauna. A waje mai kosai na kiran ciniki, wani na ta fama da moto ta ƙi tashi. Shayin na huci a tsakaninsu. Raliya ta kurɓa don ta samu abin yi, sai ta ji sukari har ya yi yawa, kamar yadda mutum ɗaya kawai ke zuba shi a duniya. Ta ɗago ta dubi Inna. Inna na kallon bango.

"Bara da na zo aikin idona na yi wata guda a ɗakin can," in ji Inna. "Kullum da sahe ina bisa buzuna ina jin ku. Na ɗauka wata 'yar'uwarki ce ke kwance wani gari. Da zan koma, a tasha, na tambaye shi. Ya yi dariya har mutane na kallonmu. Yac ce mini ba mutum ba ce, wata wuta ce Allah ya hura can ƙarshen sama, ta lahe ƙarƙashin toka, ke ce ke tsaronta ki ga ranar da za ta kama. Na ce to Allah shi kama ta. Tun daga nan duk Juma'a in ya kira ni, sai ya ba ni labarinta kahin ya ba ni nashi."

Raliya ba ta san yana yin haka ba. Ta riƙe kofin da hannu biyu.

"Na ji abin da baƙon nan yac ce shekaranjiya," in ji Inna. "Na kuma ji amsar da kika ba shi. Na san abin da ke hana ki. Kina cewa wa za ki hwaɗa wa."

Hawaye suka cika idon Raliya. Ta gyaɗa kai.

Inna ta sunkuyar da kai. Yatsunta na kan carbi amma ba sa ja. Da ta sake magana muryarta ta sauya, ta yi ƙasa, tana fita da ƙyar kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ni ban taɓa kiran shi ba. Tun ranar suna. Yana rarrahe ya nuho ni in kau da kai, don kada a ce ba ni da kunya. Ina cewa akwai lokaci, wata rana in mun tsufa mu biyu, ba kowa, sai in kira shi ya ji. To ga shi." Ta ajiye carbin. "Sama'ila. Sama'ilana. Shi ya so ya ga wanga abu, ɗiyata. Kada ki bari ya wuce don ba shi nan. Ni ina nan."

Wannan ne karo na farko da Raliya ta ji sunan a bakin Inna. Ba ta san lokacin da ta sauka daga kujera ta kifa kanta a cinyar tsohuwar ba. Suka yi kukan da suka daɗe suna ɓoye wa juna, mai sauti, ba kunya ba kawaici, Inna na shafa mata kai tana maimaita sunan kamar mai biyan bashin shekaru. Suna cikin haka fankar sama ta yi ƙara ta fara juyawa.

Raliya ta share fuska da gefen mayafi, ta koma kujera. Kwamfutar ta ɗauki lokacinta kafin ta farfaɗo, saƙonni suka yi ta zubowa, ba ta kula ko ɗaya ba. Ta buɗe shafin lambobin.

Ga su nan. Ɗige-ɗigen shekaru a jere a ƙasan allo, kwance, kamar yadda ta san su, kowanne da safiyarsa da kofin shayinsa. Ta gane na makon da ya rasu, yana nan kwance tare da sauran. Daga bayansa kaɗan sai layin ya ɗaga kai. Ɗigo na gaba ya fi shi, na gaba ya fi wancan, suna hawa kamar matakalar soro, har na baya-bayan nan suka haye jan layin suka bar shi a ƙasa. Da yake Raliya ce, sai da ta duba ko wani tauraro ne kusa ya yi walƙiya ya ruɗi na'urar, ta duba ko kuskuren ƙirga ne, ta raba hasken mai ƙarfi da mai rauni ta ga duka biyun sun tashi tare. Ba kuskure. Ramin ya koma ci.

Ta rubuta wa masu kula da babban tauraron saƙo gajere, ta sa sunan lambar motar nan, ta sa lambobin, ta ce a juya. Ta ɗan tsaya da yatsa a sama. Sannan ta yi bisimilla ta aika.

Inna ba ta gane komai a allon ba, ba ta kuma yi kamar ta gane ba. Fuskar surukarta take karantawa. Ta tashi tsaye a hankali, ta zagayo ta bayan kujera, ta dafa kafaɗar Raliya, ta leƙo, ta rage murya.

"To, Doktar. Yaya mai jiki?"

Raliya ta ɗago kai daga allon. Ta dubi takalman da ke bakin ƙofa. Ta dubi kofin. Ta auna, ta tabbatar, ba wanda zai ce ta faɗi abin da ba ta gani ba, amma duk da haka sai da ta tattaro duk ƙarfinta kafin kalmomin biyu su fito.

"Da sauƙi, Inna."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. Ta gyara ɗaurin zanenta ta nufi ƙofa. "Bari in hura wuta. Yac ce mini masa za a raba."

"Inna, masa ai sai an jiƙa shinkafa an kai niƙa, ƙullu ya kwana. Sai dai gobe."

Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba.

"Ƙullun ya kwana, ɗiyata. Tun jiya na jiƙa."